Fure da Ƙudan Zuma: Abin da Manomin Kokwamba da Kankana Ya Kamata Ya Sani

Gabatarwa

Kokwamba da kankana da kabewa suna cikin kayan lambun da manoman kewayen Jos suke kaiwa kasuwannin Kwararafa da Farin Gada. Sau da yawa manomi yakan zuba taki, ya yi ban ruwa, gona ta cika da fure, amma 'ya'ya su fito kaɗan, wasu a tanƙware. Nan da nan sai a ɗora laifi a kan iri. Alhali kuwa wani lokaci matsalar ita ce ƙarancin ƙudan zuma a gonar.

Fure Namiji da Fure Mace

Waɗannan amfanin gona suna fitar da fure iri biyu a jikin tushe ɗaya. Namiji shi ne mai siririn wuya, kuma shi yake fara fitowa. A cikinsa ake samun wani gari mai launin rawaya. Namiji ba ya yin ɗa, don haka kada manomi ya firgita idan ya ga furannin farko suna zubewa. Mace kuwa ana gane ta da ɗan ƙullutu a gindinta, mai kama da jaririn kokwamba ko kankana. Wannan ƙullutu ba zai girma ba sai garin namiji ya sauka a kan macen. Shi ake kira barbara.

Garin furen masara ba shi da nauyi, iska ke kwasarsa. Na kokwamba da danginsa yana da nauyi da danƙo, sai ƙwari sun ɗauke shi. Fure yana jawo ƙudan zuma da launi da ƙamshi da ruwan zaƙi. Garin neman abinci sai gari ya manne a gashin jikinsa, ya kai wa mace.

Furen yini ɗaya kawai yake buɗewa, kuma yawancin aikin da safe ake yin sa. Bincike ya nuna furen kankana mace yana bukatar ziyarar ƙudan zuma kamar sau 8 kafin ya ba da ɗa mai kyan siffa. Idan garin ya yi kaɗan, gefe ɗaya ya cika, ɗayan ya tsumbure. Sai dai akwai irin kokwamban da ake nomawa cikin rumfar leda, wanda yake yin 'ya'ya ba tare da barbara ba.

Yanayin Jos

Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. A Disamba da Janairu sanyin safiya yana hana ƙudan zuma fitowa da wuri, sai hantsi ya dubi ludayi. Wannan shi ne lokacin da manoma da yawa suke feshi, wato daidai sa'ar da ƙudan suke kan fure.

Shawarwari

1. A yi feshin maganin ƙwari da yamma lis, bayan furanni sun rufe.
2. A guji feshi mai ɗauke da sinadarin imidakulofirid lokacin fure. Saboda illarsa ga ƙudan zuma, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili tun 2018.
3. A kafa amya 2 zuwa 3 a kowace hekta, nesa da hanyar mutane da dabbobi.
4. A rage ƙona daji, a bar itatuwa masu fure kamar mangwaro da gwaiba da ɗorawa.
5. A ƙaramin lambu, a tsinki namiji da safe, a cire ganyen furen, a goga shi a hankali a cikin mace.

Ga Malamin Gona

Ka shiga gona tare da manomi da hantsi, ku tsaya minti 10 a wuri ɗaya kuna duban furanni. Idan ba ku ga ƙudan zuma suna kai da komo ba, a fara gyara wannan kafin a sake sayen taki ko a canza iri.