Darasin Kimiyya: Ƙarafa da Iskokin da Aka Naɗa wa Sarauta

Kowa ya buɗe shafin jadawalin sinadarai, ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe na hannun dama, wato rukuni na 18. Daga sama zuwa ƙasa za ku ga hiliyum, niyon, argon, kiriftan, zenon da radon. A can ƙarshe akwai oganeson mai lamba 118, wanda a ɗakin gwaji ake ƙera shi kuma ba ya kai daƙiƙa guda yake rushewa, don haka mu ajiye shi a gefe. A littattafan Turancin da kuke karantawa saboda jarrabawa, sunan wannan rukuni noble gases. A wani babin kuma za ku ci karo da noble metals, inda aka jera zinariya da azurfa da falatinam. Aikinmu yau shi ne mu gane yadda kalmar da ake kiran 'ya'yan sarauta da mutanen kirki da ita ta koma kan ƙarfe da iska, sannan mu duba ko sunan ya dace da su.

Inda kalmar ta fito

Kalmar noble ta samo asali ne daga nobilis na harshen Latin, ma'anarsa sananne, wanda kowa ya san da shi. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci. Ma'ana biyu take ɗauke da su tun da jimawa. Ta farko matsayi: mutumin da aka haifa a gidan sarauta ko aka ba shi muƙami irin na manyan fadawan Ingila. Ta biyu hali: mutum mai dattaku da karamci, wanda ba ya saukar da kansa ga ƙaramin abu. Bahaushe ya raba waɗannan biyu, domin ya san ana iya gadon rawani ba a gaji halin ba. Bature ya haɗa su a kalma guda, sai mai karatu ya duba jimlar ya gane wacce ake nufi.

Har kuɗi an taɓa kira da wannan suna. A 1344, zamanin Sarki Edward na Uku, an buga tsabar zinariya a Ingila mai suna noble, darajarta sule 6 da kwabo 8, wato kashi ɗaya cikin uku na fam. Ku tambayi kakanninku lissafin fam da sule, sun yi ciniki da shi a nan kafin zuwan naira a 1973.

Kada kuma ku rikita noble da Nobel. Na biyun sunan mutum ne, Alfred Nobel na ƙasar Suwidin, wanda ya rasu a 1896 ya bar dukiyar da ake ba da kyautar nan da ita tun 1901. Ɗalibai kan sauya harafin a takardar jarrabawa, maki kuma ya tafi a banza.

Ƙarafa masu daraja

Ku jefa ƙusa a kwata, ku dawo bayan damina. Za ku tarar ta yi jajawur da tsatsa, domin baƙin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da danshi ya zama wani abu daban. Jan ƙarfe kuwa kore yake komawa idan ya daɗe a waje. Zinariya ba ta yin ko ɗaya. Abin rufe fuskar Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano kabarinsa a Masar a 1922, ya shafe fiye da shekaru 3,000 a ƙarƙashin ƙasa, amma da aka fito da shi yana nan yana ƙyalli.

Wannan hali na ƙin cuɗanya shi ya sa masana na da suka kira irin waɗannan ƙarafa masu daraja, sauran kuma, kamar baƙin ƙarfe da dalma, ƙasƙantattu. A jerin masu darajar akwai zinariya, azurfa, falatinam, faladiyam, rodiyam, iridiyam, osmiyam da ruteniyam. Azurfa ce mai rauni a cikinsu: zoben azurfa yakan yi baƙi idan ya daɗe, saboda tana haɗuwa da ɓurɓushin farar wuta da ke cikin iska.

Masu sayar da gwal da wannan ilimin suke aiki kullum, ko da ba su kira shi kimiyya ba. Idan aka kawo musu sarƙa, sai su goga ta a kan baƙin dutse har ta bar zane, su ɗiga asid a kan zanen. In ya ɓace, ruwan gwal ne ko tagulla. In ya tsaya, gwal ne. Asid na naitirik yana cinye jan ƙarfe har da azurfa, amma ba ya taɓa zinariya.

To sai dai zinariyar ma tana da maganinta. Idan aka gauraya kashi uku na asid haidirokulorik da kashi ɗaya na naitirik, za a samu ruwan da ke narkar da ita, wanda aka sa wa suna aqua regia da Latin, wato ruwan sarauta. A 1940, da sojojin Jamus suka mamaye Danmak, akwai lambobin Nobel na zinariya guda biyu a cibiyar binciken Niels Bohr da ke Kofanhegin, na Jamusawa Max von Laue da James Franck. Fitar da zinariya daga Jamus laifi ne babba a lokacin, ga kuma sunayen masu su a jiki. Sai masanin sinadarai George de Hevesy ya narkar da su a cikin wannan ruwa, ya ajiye kwalbar a kan kanta tare da sauran kwalabe. Babu wanda ya kula ta. Bayan yaƙi aka tace zinariyar, aka sake ƙera lambobin aka mayar wa masu su.

Iskar da ta ɓuya a gaban kowa

A cikin iskar da kuke shaƙa yanzu, kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kusan 21 oksijin. Ta uku a yawa ita ce argon, kashi 0.93 cikin 100, ta ninka iskar kabon da ake ta magana a kanta fiye da sau 20. Duk da wannan yawa, ba a gano ta ba sai 1894. Dalili shi ne masana suna gane sinadari ne ta hanyar abin da yake yi idan ya gamu da wani. Wanda ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya kama wuta, ba ya haɗuwa da kowa, ta ina za a kama shi?

Masanin kimiyya Henry Cavendish ya kusa. A 1785 ya riƙa ratsa tartsatsin lantarki a cikin iska har ya janye duk naitirojin da oksijin ɗin da ke ciki, amma wani ɗan kumfa ya rage, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin 120 ba, ya ƙi haɗuwa da komai. Ya rubuta abin da ya gani, aka manta da shi fiye da shekaru ɗari.

A 1892 Lord Rayleigh, wanda shi kansa mai sarauta ne a Ingila, yana auna nauyin naitirojin, sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Lita guda ta naitirojin da ya tace daga iska ta ba shi giram 1.2572. Lita guda ta wadda ya samo daga sinadarai irin su amoniya ta ba shi giram 1.2505. Bambancin kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Da wani ne, da ya ce kuskuren sikeli ne ya wuce. A ganina nan ne babban darasin yau yake ga mai son zama masanin kimiyya: Rayleigh ya sake awo, ya sake, bambancin bai gushe ba, sai ya yarda da sikelinsa ya nemi taimako. William Ramsay na Landan ya ɗauki naitirojin ta iska ya riƙa bi da ita ta kan zazzafan maganiziyam, wanda ke shanye naitirojin. Abin da ya rage iska ce mai nauyi wadda babu wanda ya san ta. Suka sa mata suna argon, daga kalmar Girkanci mai nufin malalaciya.

Hiliyum kuwa a rana aka fara ganin alamarta kafin a same ta a ƙasa. A husufin rana na 18 ga Agusta 1868, Bafaranshe Pierre Janssen ya duba hasken rana da na'urar rarraba haske daga garin Guntur na Indiya. A wannan shekarar Norman Lockyer na Ingila ya nazarci wani rawayan layi a hasken rana da bai dace da kowane sanannen sinadari ba, aka raɗa masa suna daga helios, rana da Girkanci. Sai 1895 Ramsay ya fitar da iskar daga wani dutse mai yuraniyam. A 1898 shi da Morris Travers suka sanyaya iska har ta zama ruwa, suka tace ta, suka samu kiriftan da niyon da zenon cikin 'yan makonni. Jadawalin da Mendeleev ya tsara a 1869 ba shi da gurbinsu, dole aka ƙara masa sabon layi. A 1898 ɗin ne Bajamushe Hugo Erdmann ya kira su Edelgas, yana kwatanta su da ƙarafa masu daraja, daga nan Turanci ya ɗauka. A 1904 Rayleigh da Ramsay kowa ya karɓi kyautar Nobel.

Me ya hana su cuɗanya?

Ku kwafi wannan daga allo. Kowace ƙwayar zarra tana da ilaktaron da ke zagaye cibiyarta a hawa-hawa. Hawa na farko yana cika da 2, na biyu da 8. Sodiyam yana da 11, wato 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, wato 2, 8, 7. Sodiyam yana da guda ɗaya da ya yi masa rara, kulorin yana neman guda ɗaya ya cika takwas. Da sun gamu sai wannan ya miƙa, wancan ya karɓa, a samu gishirin da ake sa wa miya.

Yanzu ku dubi niyon: 10, wato 2, 8. Argon: 18, wato 2, 8, 8. Hiliyum: 2 kacal, hawanta guda kuma ya cika. Wanda rumbunsa ke cike ba ya zuwa rance, ba shi kuma da rarar da za ta matsa masa ya kai kasuwa. Shi ya sa ƙwayoyinsu ke yawo ɗai-ɗai, alhali oksijin da naitirojin bibbiyu suke tafiya. Ku lura cewa wannan bayani na iskokin ne kawai. Dalilin zinariya daban ne, ya fi wannan sarƙaƙiya, sai kun kai gaba.

Ranar da zenon ta sauko

Shekaru da dama littattafai suna kiran waɗannan iskoki inert, ma'ana ba sa haɗuwa da komai ko kaɗan, ana koyar da hakan kamar doka. Masanin sinadarai Linus Pauling ya yi hasashe a 1933 cewa manyan cikinsu za su iya haɗuwa da fulorin, amma gwajin da aka yi a lokacin bai yi nasara ba.

A 1962, a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, Neil Bartlett yana aiki da wata jar iska mai tsananin ƙarfi, haɗin falatinam da fulorin shida. Ya ga tana iya fizge ilaktaron daga oksijin. Da ya duba tebur, sai ya ga ƙarfin da ake buƙata a fizge ilaktaron daga oksijin kusan daidai yake da na zenon. Ya zuba iskokin biyu a kwalabe guda biyu da ke haɗe, ya fasa shamakin da ke tsakani. Nan take wani gari mai launin rawaya da lemo ya sauka a jikin gilashin. Kafin shekarar ta ƙare wasu masana a Amurka sun haɗa zenon da fulorin kai tsaye. Kiriftan ta biyo baya a 1963, argon kuma a 2000 a Jami'ar Helsinki, cikin matsanancin sanyi.

Dalilin a fili yake. Zenon tana da ilaktaron 54, na wajen sun yi nisa da cibiya, riƙon da ake yi musu ya yi sako-sako. Hiliyum da niyon ƙanana ne, riƙonsu gam, har yau ba a samu tsayayyen haɗinsu a yanayi na yau da kullum ba. Tun daga nan sunan inert ya ja baya, noble ya zauna, kuma ya fi dacewa: yana nuna wahalar cuɗanya ne, bai ce ba ta yiwuwa ba.

Amfaninsu

Ƙin cuɗanyar nan shi ne jarinsu. Mai walda yana hura argon a bakin wutarsa don oksijin kada ta ɓata narkakken ƙarfe, musamman a aikin alminiyam. Argon ɗin ake cika tsohon ƙwan lantarki da ita don zarensa kada ya ƙone. Niyon na ba da jan haske a allunan talla, tun da Georges Claude ya nuna fitilarsa a Faris a 1910. Hiliyum tana zama ruwa a digiri 269 ƙasa da sifili, da ita ake sanyaya maganaɗisun na'urar MRI a asibiti, kuma daga rijiyoyin gas ake samun ta, galibi a Amurka, Katar da Aljeriya. Ta maye gurbin haidirojin a balan-balan na sama domin ba ta kama wuta, saɓanin wadda ta ƙone jirgin Hindenburg a 1937.

Sunan daraja bai sa dukkansu sun zama marasa illa ba. Radon na fitowa daga duwatsu masu yuraniyam, tana taruwa a ɗakunan da iska ba ta ratsawa, kuma bayan taba sigari tana cikin manyan abubuwan da ke haddasa kansar huhu. Masu zuƙar hiliyum daga balan-balan don muryarsu ta siranta su ma su daina, tana kore oksijin daga huhu har mutum ya faɗi.

Aikin gida: ku rubuta tsarin ilaktaron na maganiziyam mai lamba 12 da na oksijin mai lamba 8, ku faɗi wanda zai miƙa, da wanda zai karɓa, da guda nawa. Sannan ku sa ƙusa ɗaya a kofin ruwa, wata a busasshiyar kwalba mai murfi, ku kawo su mako mai zuwa. Kada wanda ya taɓa asid a gida.