Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Kun san marigayi Muhammadu Buhari, mutumin Daura. Ya nemi shugabancin Nijeriya a 2003, bai samu ba. Ya sake nema a 2007 da 2011, bai samu ba. Bai saki ya kama wani abu ba. A 2015 ya samu.

To, kai fa, ɗan ajin Kwangwalam? Yau kana aji, gobe kana dako a bakin iyaka, jibi kana kasuwar Mai'aduwa. Yaushe karatu zai zauna maka? Wanda bai iya karatu ba, wani ke karanta masa wasiƙa, asirinsa ya tonu.

Kada ka fasa zuwa aji, kome rintsi.

Tambaya: Sau nawa Buhari ya nema kafin ya samu?