Ɗana, Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Tafiya

Tun da na ji ka kama aikin gwamnati nake son mu zauna, domin akwai wata hanya da kuɗin jama'a suke zurarewa ba a jin motsinsu, kuma mutanen kirki da yawa sun bi ta ba tare da sun ɗauka laifi suke yi ba. Ina nufin tafiyar manya ƙasashen waje da kuɗin baitulmali.

Kada ka zaci ƙin tafiya nake yi. Mu Kanawa jikokin fatake ne, kakanninmu da ƙafa suka je Gwanja suka ɗoro goro. Malam Aminu Kano ma an tura shi Landan karatun malanta a 1946, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, daga baya ya riƙe minista a zamanin Gowon, amma ka je Gwammaja ka ga gidan da ya rasu ya bari a 1983. Irin wannan tafiya ta biya kuɗinta har da riba.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake shirya ta yau, kuma ta teburinka takardar za ta bi. Taro na kwana uku ne, sai a rubuta kwana goma, domin alawus ɗin da ake kira estakod da dala ake biyan sa, kuma dare-dare ake lissafa shi. Mutum biyu aikin yake buƙata, sai ka ga sunaye goma sha biyar, har da mai riƙe jaka da ƙanin uwargida da wani da ake so a share wa hawaye saboda ya yi wahala lokacin zaɓe. Wani ma ba zai hau jirgin ba, zai karɓi dalolinsa ya zarce kasuwar ƴan canji ta Wapa ya canza, ya koma gida ya kashe waya har sati ya cika. A tsarin gwamnatin tarayya minista yana da dala 900 a kowane dare. Idan dala tana naira 1,500, kwanansa ɗaya ya zarce abin da mai mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, zai ɗauka a shekara ɗaya da rabi, ba a ma zo kan kuɗin jirgi ba. Saboda haka duk daren da ka ƙara da alƙalaminka, ka san nauyin abin da ka ƙara.

A ƙarshen 2023, da aka yi taron sauyin yanayi a Dubai, mutum 1,411 aka rubuta da sunan Najeriya, gwamnati ta ce 422 ne ta ɗauki nauyinsu, a shekarar da aka cire tallafin mai talaka ya koma tafiya a ƙasa. Surutu ya yi yawa, Shugaba Tinubu ya rage yawan ƴan rakiya a Janairun 2024. Ba a rufa wata biyu ba sai ga Akanta Janar ta Tarayya da kwamishinonin kuɗi na jihohi a wani otal a Landan, suna taron bita kan yadda ake tattalin kuɗin gwamnati. Daga nan aka dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai na wata uku, daga 1 ga Afrilu. Doka ta yi nata, amma dokar wata uku ba ta gyara zuciya.

Mu dawo cikin ganuwa, domin mu ma mun ga namu. A watan Afrilun 2017, a taron zuba jari na Kaduna, Mai Martaba Sarki Muhammadu Sanusi II ya koka da gwamnonin da suke tafiya ƙasar Sin su yi wata guda, su dawo ba da komai ba sai takardar bashi, ya kawo misalin rancen dala biliyan 1.8 na jirgin ƙasan cikin gari, wanda ƴan Sin za su shimfiɗa, su kuma kawo taragon daga ƙasarsu. Kowa a Kano ya san inda maganar ta dosa, wato gwamnatin Ganduje. Ba a jima ba hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha da majalisar dokoki suka taso da binciken kuɗin masarauta, har da abin da aka kashe a tafiye-tafiye. Masarauta ta musanta zargin, manyan ƙasa suka sa baki, majalisa ta dakata. Gwamna Ganduje ya sauka a 2023 ba a ga jirgin ba. Ni ba zan shiga tsakanin Gidan Rumfa da gidan gwamnati ba, manyanmu ne duka, Allah ya daidaita su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sai da aka ɓata sannan aka tuna da littafin lissafi, alhali mai kayan miya a Kasuwar Rimi da ake yankar wa rasit kullum yana da haƙƙin ya san abin da aka kashe ko da manya suna ɗasawa.

Mafi wuyar faɗa ita ce tafiyar ibada. Goman ƙarshe na azumi sai ofisoshi su yi tsit, an tafi Umara, wani da guminsa, wani da kuɗin da aka ware wa rijiyar burtsatse. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓa sai mai tsarki. Fiye da shekara 500 da suka wuce, a cikin birnin nan, Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, a ciki har da inda ya halatta a samo dukiyar jama'a da inda ya halatta a kashe ta. Ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu.

Saboda haka, ɗana, ba na ce ka yi wa na gaba da kai rashin kunya ba, wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Idan ya ce ka ƙara kwana ko ka cusa suna, ka rusuna ka ce, ranka ya daɗe, takardar gayyata kwana uku ta ce, ina tsoron ranar da masu binciken kuɗi za su tambaye mu. Sau da yawa babba yakan ji daɗin wanda ya tsare masa mutunci, ko da bai nuna a ranar ba. Za a ce maka ka cika ƙaƙale, wataƙila a tsallake ka a tafiya ɗaya ko biyu. Ka yi haƙuri, abincinka ba ya hannun kowa. Ranar da kuwa aka tura ka da gaskiya, ka zauna a zauren taro har a tashi, ka rubuta rahoto da hannunka, ka mayar da kuɗin kwanakin da ba ka yi ba, ka karɓi rasit ka adana. Ka gaya wa ƴar'uwarka da take ma'aikatar lafiya ita ma ina son ganinta kan wannan magana.