Yadda Ake Zaɓen Haruffan Ado Don Katin Ɗaurin Aure

Katin gayyata shi ne aikin da mai koyon zane a kwamfuta yakan fara karɓa, kuma a nan ne aka fi ɗora wa haruffan ado nauyin da ya fi ƙarfinsu. Za mu tsara kati ɗaya tare, mai girman A5, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo. Kana buƙatar kwamfuta mai CorelDRAW ko Illustrator ko Inkscape, ko waya mai Canva ko PixelLab, da ɗan data, da inda za ka buga takardar gwaji ko da shagon maƙwabci ne. Ka ware wa aikin yini biyu, na farko don zaɓe da gwaji, na biyu don gyara. Abin da ka koya a nan zai yi maka amfani a fasta da allon shago da bangon littafi.

1. Karɓi rubutun gaba ɗayansa kafin ka taɓa komai. Sunayen iyalan ango da na amarya, sunayen ango da amarya, rana, lokaci, wuri da lambobin waya. Ka rubuta su tsurarsu, ba ado ba launi, ka aika wa mai aikin ya duba. Ka tambaye shi yadda kowane mutum yake rubuta sunansa, da laƙabin da ake sa masa, Alhaji ne ko Malam ko mai sarauta. Kada ka yi wa sunan mutum gyara da kanka.

2. Shirya hanyar rubuta haruffa masu ƙugiya. A waya, ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa. A kwamfuta, Windows yana da allon rubutu na Hausa a sashen harsuna, akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta. Ka tabbata ɓ da ɗ da ƙ suna fita, manya da ƙanana. Idan katin na mutanen Maraɗi ne ko Damagaram, ka tuna a Nijar ƴ ake rubutawa a inda Nijeriya take rubuta 'y. Ka bi tsarin ƙasar masu bikin, ka kuma tsaya a kansa har ƙarshen katin.

3. Raba rubutun gida uku. Gida na farko sunayen ango da amarya. Na biyu kan magana, kamar "Ɗaurin Aure" ko "Walima". Na uku sauran bayani duka. Haruffan ado na gida na farko ne, wani lokaci da na biyu. Gida na uku ba ruwansa da ado. Ka dubi babbar riga: a wuya da aljihu ake yin aikin, sauran yadin a bar shi fili, shi ya sa aikin yake fita. Wanda ya rubuta rana da wuri da haruffa masu jela ya sa baƙi suna kiran waya suna tambayar abin da ke rubuce a hannunsu.

4. Yanzu ka zaɓi irin adon da ya dace da taron. Akwai siraran haruffa masu haɗe da juna, irin rubutun alƙalami mai tsini, kamar Great Vibes da Allura da Edwardian Script. Waɗannan su ne na aure da walima. Akwai masu kauri irin shafar buroshi, kamar Pacifico da Lobster da tsohon Brush Script da aka fitar tun 1942. Su sun fi dacewa da tallar abinci da kayan sha. Akwai masu kama da rubutun biro na yau da kullum, kamar Caveat, waɗanda suke kyau a katin suna ko na taya murna. Sai manyan haruffan fasta masu ɗaukar ido daga nesa. A cikin waɗannan ka duba aikin masu zane 'yan Nijeriya da ke Google Fonts: Ojuju na Chisaokwu Joboson, da Danfo da Tac One na Afrotype. Danfo daga rubutun jikin motocin hayar Legas aka samo salonsa, Tac One kuma daga tambarin bikin Festac na 1977. Ni ba zan sa su a katin ɗaurin aure ba, amma a fastar wasa ko taron matasa suna da kwarjini. Ka ware guda biyar da suka kwanta maka, kada ka wuce haka, don in sun yi yawa ido yakan rikice.

5. Sauko da su daga inda izinin amfani yake a fili. Mafi yawan waɗanda ke Google Fonts suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda ka yi aikin kuɗi da su kyauta. A shafuka irin su DaFont sai ka yi hattara, domin da yawa an yarda da su ne don amfanin kanka kawai, ban da aikin da za a biya ka. Ka buɗe ɗan fayil ɗin bayani da ke cikin jakar da ka sauko da ita, ka karanta. Haƙƙin wani ne, ya ɓata watanni yana zana su. Fayilolin da kake nema su ne masu ƙarewa da TTF ko OTF. A Windows ka danna maɓallin dama na linzami a kan fayil ɗin ka zaɓi Install, sannan ka rufe manhajar zanenka ka sake buɗewa. PixelLab yana karɓar salon da ka sauko da shi, amma a Canva sai mai biyan kuɗi ne yake iya ɗora nasa.

6. Gwada ƙugiya. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Yawancin haruffan ado an zana su ne don harsunan Turai, masu zanen ba su sa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a lissafi ba. Katin aure kuwa ba ya rabuwa da "ɗaurin aure" da "ƙarfe". Ka rubuta wannan layi sau biyar, kowanne da salo ɗaya daga cikin waɗanda ka ware:

Ɗaurin aure ƙarfe 11 a Ƙofar Mata, ɓangaren maza. Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ɓ ɗ ƙ ƴ

Ka ƙara masa girma har ya cika fuskar kwamfutar, ka bi shi harafi bayan harafi. Ɗayan abu uku za ka gani. Ko harafin ya fito daidai da 'yan uwansa, to ka dace. Ko ɗan akwati ya fito a gurbinsa, wannan ma da sauƙi tun da ka gani. Na ukun shi ne mai yaudara: manhajar takan aro harafin daga wani salo ta cusa shi ba tare da ta faɗa maka ba. Sai ka ga ƙ a tsaye ƙyam cikin kalmar da sauran haruffanta duk a karkace suke, ko kaurinsa ya bambanta da na maƙwabtansa. A ƙaramar fuskar waya ba a cika lura ba, sai an buga kati ɗari biyar. Duk salon da ya faɗi wannan gwaji ka cire shi daga jerin, sai fa in ka shirya bin mataki na gaba. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ka mayar da ɗ ta koma d ko ƙ ta koma k don salon ya burge ka.

7. Idan mai aiki ya nace a kan salon da ba shi da ƙugiya, ka yi masa ƙugiyar da hannu. Wannan dabara ta kalma ɗaya ce ko biyu, ba ta doguwar magana ba. Ka rubuta kalmar da b ko d ko k, ka kwafe ta ka ajiye kwafin a gefe, sannan ka mayar da ita zane. A CorelDRAW ka danna Ctrl da Q, a Illustrator kuma Shift da Ctrl da O. Ka rubuta f ta wannan salon, da girma iri ɗaya, ita ma ka mayar da ita zane. Ka yanko lanƙwasar kanta ka ɗora a saman sandar harafinka, ka haɗe su. Da yake daga gida ɗaya suka fito, kaurin zai zo daidai. Ka lura da inda kowace ƙugiya take fuskanta. A ƙananan ɓ da ɗ da ƙ tana sama, ta lanƙwasa dama. A manyan Ɓ da Ɗ tana gefen hagu daga sama. A babban Ƙ tana kan hannun dama na sama. Idan salon yana yi wa b da k madauki a sama, ƙugiyar za ta ɓace a ciki, gara ka canza salon.

Akwai wata hanyar da na fi so. Ka nemi mai kyakkyawan hannu, irin masu rubuta allon shago ko wanda ya saba da alƙalamin kara, ya rubuta sunayen da baƙar tawada a farar takarda, manya-manya. Ka ɗauki hoton a wuri mai haske, wayar tana kallon takardar kai tsaye, ba a karkace ba. Ka mayar da hoton zane da PowerTRACE a CorelDRAW, ko Image Trace a Illustrator, ko Trace Bitmap a Inkscape, ka goge ɗige-ɗigen da suka biyo. Ƙugiya ta zo da kanta ke nan, kuma babu wani kati a garin da zai yi kama da wannan. Ka biya mai rubutun ladansa.

8. Zaɓi salo guda mara ado don sauran bayanin. Gentium da Charis da Andika na ƙungiyar SIL duk suna da haruffan Hausa cikakku, haka ma Noto Serif da Noto Sans na Google. Gentium yana zama da kyau kusa da siraran haruffan aure. Andika an zana shi ne don masu koyon karatu, saboda haka dattijo mai raunin ido zai gode maka. Salo biyu sun isa kati ɗaya. Kada ka haɗa masu ado biyu a wuri guda.

9. Daidaita girma da tazara. A katin A5, ka fara gwada sunayen ango da amarya a maki 30 zuwa 40, kan magana a 16 zuwa 20, bayani kuma a 10 zuwa 12. Maki 72 ne inci ɗaya. Haruffa masu jela sukan fito ƙanana fiye da lambar da ka ba su, don haka ka amince da idonka. Kada ka rubuta kalma duka da manyan baƙaƙe a salo mai haɗe da juna, jelunan za su sarƙe ba mai iya karantawa. Harafin farko kawai ya zama babba. Kada kuma ka buɗa tazarar da ke tsakanin haruffansa, domin mahaɗarsu za ta tsinke. Inda ka ga giɓi tsakanin babban harafi da na bayansa, ka matso da wannan kaɗai. Ka ba layukan isasshen fili don jelar y da g ta sama kada ta taɓa ƙugiyar ƙ ta ƙasa. In za ka ƙara girma, ka ja daga kusurwa, kada ka miƙe rubutun ta gefe ɗaya.

10. Idan za a sa Larabci ko Ajami, ka ba shi nasa salon. Amiri yana da kyau ga Larabci. Alkalami na SIL an zana shi ne a kan salon rubutun Kano, Harmattan kuma don Ajamin Afirka ta Yamma. Wasu manhajoji sukan tsinka haruffan ko su juya su hagu zuwa dama, don haka ka nuna wa wanda ya iya karatun ya duba. Ka kuma tambayi masu bikin ko suna so a sa aya ko sunan Allah, domin mutane da yawa suna gudun hakan saboda kati yakan ƙare a ƙasa bayan biki.

11. Yanzu ne lokacin launi. Siririn harafi yana son bango mai tsabta, duhu a kan haske ko haske a kan duhu. Ruwan zinare a kan fari yana kyau a waya, a takarda kuma yakan dusashe. Kada furanni ko hoto su ratsa bayan sunaye. Ka bar inuwa da ƙyalli da zagayen layi, salon ya riga ya zo da adonsa. Idan za a buga da zinaren da ake mannawa da zafi, ka tambayi mai injin mafi sirantar layin da zai iya fitarwa, domin siraran jeluna sukan karye.

12. Buga gwaji ɗaya a ainihin girmansa, ka ajiye shi ya kwana. Da safe ka riƙe shi a tsawon hannu ka karanta da ƙarfi. Sannan ka miƙa wa wanda bai san da bikin ba, zai fi kyau mai shekaru, ka ce ya faɗa maka wa zai auri wa, yaushe, a ina. Inda ya tsaya yana ƙanƙance ido, nan za ka gyara. Ka duba ranar da kalanda, ta Musulunci da ta Turawa, ka tabbata Asabar ɗin da aka rubuta Asabar ce. Bayan haka ka aika wa mai aiki ya amince a rubuce.

13. Shirya fayil ɗin ɗab'i. Ka fara adana kwafi mai rubutun da ake iya gyarawa, ka sa masa suna daban. A kwafi na biyu ka zaɓi komai ka mayar da rubutun zane, yadda ka yi a mataki na 7. In ba haka ba, kwamfutar maɗaba'a da ba ta da salonka za ta musanya shi da wani, ƙugiyoyin da ka sha wahala a kansu su tafi. Ka sa launi a tsarin CMYK, hotuna a ɗigo 300 a kowane inci, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka fitar da shi PDF. Na aikawa a WhatsApp kuwa ka fitar da shi daban a tsarin RGB, PNG ko JPG, ka buɗe shi a ƙaramar waya ka gani. Idan siraran layukan sunayen sun narke, ka koma kwafin farko ka ƙara musu girma, ka sake fitarwa.