Yatsa Uku

Wata Juma'a da la'asar, cikin watan Satumba, na biya ta bakin wani tabki da ke kudu da Tasawa, sai na iske samari biyar da sange, wato gidan sauro. Biyu sun kama ta kai, biyu ta ƙafa, suna jan sa cikin ruwa iya ƙirji, na biyar yana gaɓa riƙe da bokiti. Da suka fito da shi suka juye bisa yashi, na durƙusa na duba. 'Ya'yan karfasa ne zalla, babbansu bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba, suna ta mutsu-mutsu cikin laka da ganyen bado. Ga 'yan tarwada nan jefi-jefi, gashin bakinsu kamar zaren ɗinki. Na san kifin nan. Ni da abokan aikina muka zuba iyayensu a ruwan farkon Agusta.

Na ce, "Samari, me za ku yi da waɗannan?"

Babbansu ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Kawu, wasa ne kawai. Mu soya, mu barbaɗa yaji, mu ci."

Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Yaran nan ba ɓarayi ba ne, ba su da niyyar cutar kowa. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya masu daga ina kifin tabkin ya fito.

Ni ma'aikacin gandun daji ne, ɓangaren kifi, na fi shekara goma ina yawo tsakanin Tasawa da Mayahi. Yankinmu ba shi da kogi. Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi kwari ne na goruba da noma, ba ruwa mai gudu duk shekara ba. Abin da muke da shi tabkuna ne da ruwan sama ke cikawa, wasu su ƙafe tun cikin ɗari, wasu su kai bazara. Irin wannan ruwa ba ya haifar da kifi da kansa. Gaiwa ce kaɗai ke iya zama, don ita tana shiga laka ta naɗe jikinta ta jira damina. Karfasa da tarwadar da kuke gani a yawancin tabkunanmu, wani ne ya ɗauko su ya kawo.

Kawowar kuwa wahala ce. Sau da yawa Madarunfa muke zuwa, kudu da Maraɗi, inda masunta na gado suke, a tabkin da aka sa cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya a 2019. Su ke kama mana kifin da ransa, mu ajiye shi kwana guda ba ci, don kada ya ɓata ruwan tafiya da kashinsa. Tun kafin asuba a loda durom-durom a bayan mota, a lulluɓe da buhu mai jiƙe. Kan hanya a tsaya a kwashe waɗanda suka juya ciki sama, a rage ruwa a ƙara sabo. Direba ba ya gudu, ba ya kuma jinkiri, domin da rana ta ɗaga ruwan durom ya ɗau zafi, kifi ya fara haɗiyar iska a sama, to asara ta zo. In an iso ma ba a juyewa kai tsaye. Sai an dinga ɗibar ruwan tabkin da ƙwarya ana zubawa cikin durom kaɗan-kaɗan, har sanyin ruwan biyu ya daidaita, sannan a karkata bakin durom a bar su su fita da kansu. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ruwa iya gwiwa yana kallon waɗannan 'yan halittu suna watsewa cikin ciyawa, ba zai iya ganin bokitin samarin nan zuciyarsa ta zauna ba.

Bayan zubawa sai a zauna da mai gari da dattawa, a kafa kwamitin tabki, a ce an rufe su har wata kaza. Dalilin rufewar yana cikin halittar kifin. Namijin karfasa yana haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa mara zurfi, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe shi cikin bakinta. Kusan mako biyu take yi da shi a baki, ba ta cin komai, har ya ƙyanƙyashe. Ko bayan 'ya'yan sun fara fita, da sun ji motsi sai su ruga su koma bakin uwar. In ka kama irin wannan macen ka buɗe bakinta, za ka ga ƙwai rawaya-rawaya kamar ƙwayar gero. Kifi ɗaya ne a hannunka, amma ɗaruruwa ka kashe. Tarwada kuma cikin ciyawar da sabon ruwa ya rufe take zuba nata. To nan bakin-bakin, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, nan ne ɗakin haihuwar tabki, kuma nan ne daidai inda ake jan sange.

Doka ta san da wannan. Dokar su ta 7 ga Disamba 1998 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, kimanin santimita 6 in an ja shi. Gwajin ba ya buƙatar takarda ko boko: haɗa yatsunka uku ka tura cikin idon ragar. In sun shige, ƙaramin kifi ma zai shige ya tafi ya girma. Idon sange kuwa sauro ma ba ya wucewa. Ƙari a kan haka, sangen da ake rabawa kyauta yana ɗauke da maganin kashe sauro, kuma wannan magani guba ne ga kifi. Dokar ta hana zuba guba a ruwa, amma sau biyu na iske tabki da safe fari fat da mataccen kifi, an zuba masa maganin feshin wake. Ruwan nan shi shanun Fulani ke sha, shi mata ke wanki da shi, shi yara ke wanka ciki. Wanda ya yi ya kwashi na kwana ɗaya, gari ya yi asarar na shekara.

Kada a ce na tsani su na nishaɗi. Ni kaina da fatsa na fara, ina yaro, da tana a gwangwani da ƙugiyar dala biyu. Dokar ma ta amince da shi, har ta ware masa izini nasa dabam da na masu sana'a. Akwai ƙasashen da wannan wasa ya zama babban abu. A Alaska, can arewacin Amurka, mutane na fita teku da ƙananan jirage don kamun wani kifi mai suna halibot, faffaɗa kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe guda, yana kwance a ƙasan teku. An taɓa kama wanda ya wuce kilo 200 da fatsa a 1996. Duk da girman teku da girman kifin, mai jirginsa na kansa biyu kaɗai aka yarda ya ɗauka a yini. Tun 1923 Amurka da Kanada suka sa hannu kan yarjejeniyar kiyaye shi, kuma abin da suka fara yi shi ne rufe su wata uku cikin sanyi, lokacin da yake zuba ƙwai. Macensa sai ta kusa shekara 12 kafin ta fara haihuwa. Haka kifin salmon, wanda ake haifa a kogi, ya tafi teku ya girma, ya dawo kogin da aka haife shi ya zuba ƙwai. A kogin Kenai da na'ura ake ƙirga masu dawowa, kuma a 'yan shekarun nan da aka ga babban nau'insa ya ragu, rufe kamunsa aka yi, duk da kuɗin da baƙi ke kawowa. In masu teku suna ƙirga kifinsu ɗaya-ɗaya, ina ga mu da tabkinmu ke ƙafewa a Fabrairu?

Ba ma sai mun je wajen Turawa ba. A Argungu, wurin da ake bikin su a Matan Fada ba a taɓa shi sai ranar da aka buɗe, kuma ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Shi ya sa ake fitowa da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Kakanninmu sun san hutun ruwa tun kafin a rubuta doka.

Akwai abu na biyu da ke hana ni barci, shi ne abin da samari ke hawa su shiga tsakiyar ruwa. Jarka huɗu a ɗaure da igiya, a ɗora ƙyaure, an yi jirgi. Wani rabin durom, wani robar cikin tayar mota. Sun ga masunci yana kwance bisa gora yana tafiya kamar wasa, ba su san tun yana shekara bakwai yake koyo ba. Tabkunanmu kuma ƙasarsu ba shimfiɗe take ba. Da rani an haƙe ta an buga bulo, ramuka ne ko'ina, kana tafiya iya ƙugu sai ka ji ba ƙasa. Wata shekara a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, ina cikin waɗanda suka tsaya bakin ruwa tun azahar har magariba, masunta na lalube da gora suna neman wani yaro da ya nutse. Da aka fito da yaron, tsohuwar raga ce naɗe a ƙafarsa. Ya iya iyo, kowa ya shaida. Wurin da ya nutse bai fi taku ashirin daga gaɓa ba. Mahaifinsa bai yi kuka ba, rigar yaron kawai ya riƙe yana ninkewa yana warwarewa. A Amurka doka ce kowane mutum cikin jirgi ya kasance da rigar da ke hana nutsewa. Mu ba mu da ita a kasuwannin ƙauye, amma muna da igiya, muna da jarka mai murfi da za a jefa wa mutum, muna da babba da zai iya tsayawa a gaɓa. Ga kuma tsargiya: yaron da ke wuni cikin ruwan tabki, in ya fara fitsarin jini, a kai shi likita, akwai ƙwayar maganinta, kada a ce alamar balaga ce.

Roƙona ga samari kaɗan ne. Ku tambayi kwamiti ko an buɗe tabki. Ku yi da fatsa. Wanda bai kai faɗin tafin hannu ba, ku cire ƙugiya a hankali ku mai da shi. Karfasar da kuka ga maƙogwaronta ya kumbura, ku leƙa bakinta kafin ku jefa ta a bokiti. Kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai. Iyaye da limamai da malaman makaranta kuwa, maganarku ta fi tawa shiga, domin ni sau ɗaya nake zuwa a wata, kuma da an hango kakina sai a watse. Ba na son kama ɗan kowa. Tabkin da aka bari ya huta, na gani da idona ranar buɗewa: mata masu suya da masu banda sun jera kasko, kwamiti ya tara kuɗin da ya gyara famfon gari, kowane gida ya ci miyar kifi.

Samarin nan biyar, tare muka tsince masu sauran rai muka mai da ruwa. Ba su kai rabi ba. Da muka ɗaga sangen, ya yage wuri uku, ƙaya ta cinye gefensa. Na tambayi mai shi, na wa ne? Ya sunkuyar da kai ya ce na ƙannensa ne, daga bisa gadonsu ya cire. Satumba ce, lokacin da zazzaɓin sauro ke cika asibitin Tasawa har a kwantar da yara biyu gado ɗaya. Na ɗora shi bayan babur da sangen muka tafi gidansu. Na yi sallama, mahaifiyarsa ta fito, na ce, "Inna, a yi haƙuri, kada a doke shi, ga abin da ya faru." Ta karɓi sangen ta ɗaga shi sama tana duba ramukan, ta aiki ƙanwarsa ta ɗauko allura da zare. Ina fita tana cewa a ɗora ruwa a wanke lakar, ko ya bushe kafin isha'i.