Maganin Kitsen Jini: Kome da Awonsa

'Yan'uwa, manomin Kusada ya sani taki in ya yi kaɗan gero ba ya yin kyau, in kuwa ya yi yawa ya kan ƙone shuka. Haka magani ya ke. Darasinmu na wannan wata a kan maganin kitsen jini ne, watau abin da likitoci su ke kira kolestarol.

Hanta ce ta ke yin yawancin wannan kitse. Sa'ad da ya yi yawa, ya kan manne cikin hanyoyin jini, kamar yadda laka ta ke toshe rariya. Ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa ciwo. Sai dai wata rana zuciya ta tsaya, ko ɓarin jiki ya shanye. Gwajin jini kaɗai ya ke nuna shi.

Maganin da aka fi bayarwa sunansa statin. Wani masani na Japan, Akira Endo, shi ya samo irinsa na fari cikin funfuna a 1973. Aikinsa shi ne ya rage wa hanta yin kitsen. Ga abin da ya kamata mu kiyaye.

1. Awo na likita ne. Atorvastatin a kan ba da shi daga miligiram 10 zuwa 80, sau ɗaya a yini. Simvastatin kuwa da dare a kan sha, gama da dare hanta ta fi yin kitse.

2. Kada mu ninka da kanmu. Ninki ba ya ƙara rage kitsen sai kamar kashi 6 cikin 100, amma ya kan ƙara hatsarin ciwon tsoka. Domin wannan, a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta hana a fara ba sabon majinyaci simvastatin mai miligiram 80. In mun manta na jiya, mu sha na yau kaɗai.

3. Mu gaya wa likita dukan abin da mu ke sha. Mai shan amlodipine domin hawan jini, kada simvastatin nasa ya wuce miligiram 20.

4. Mace mai ciki ko mai shayarwa kada ta sha sai ta ga likita.

5. In tsoka ta yi ciwo ƙwarai, fitsari kuma ya yi duhu kamar ruwan shayi, mu dakata, mu tafi asibiti ran nan.

6. Kada mu bari domin jiki ya yi daɗi, gama ran da aka bari kitsen ya kan soma komowa. Bayan kamar wata 3 mu koma wurin likita, ko a Babban Asibitin Kankiya ko a Katsina, domin a sāke gwaji.

Na maƙwabci ba namu ba ne, ko da ƙwayar ta yi kama. Mu kuma rage man shanu da kitsen tsire.

Tambayoyi: Don me ninka awo ba shi da riba? Wace alama ce za ta kai mu asibiti nan da nan?