Tsuntsayen Da Suka Bi Jirgin Sama

Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara tasowa daga gabas, sai a ga shamuwa ta sauka bisa manyan itatuwan Furfuri da na Bunguɗu. Manoma su yi murna, su ɗauko sungumi, gama sun san ruwa ya kusa. Nan za ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya. In kaka ta yi, sai ta tashi ta nufi ƙasashen kudancin Afirka. Wannan tafiya ita ce ƙaurar tsuntsaye.

Waɗansu tsuntsaye ba su sanin hanyar ƙaura sai sun bi iyayensu. To, in iyayen sun ƙare, wa zai nuna wa 'ya'ya hanya?

A Amurka akwai wani farin tsuntsu dogo, ɗan'uwan gauraka. Maharba suka yi ta harbinsa, manoma suka janye ruwan fadamun da yake kiwo. A shekarar 1941 waɗanda suka rage a daji wajen 20 ne kacal. Masana suka shiga ƙyanƙyasar ƙwansa suna kiwon 'yan tsakin, amma babu babba da zai ja su.

Wani mutumin Kanada, Bill Lishman, shi ya samo dabara. A 1993 ya hau wani ɗan ƙaramin jirgin sama marar nauyi, agwagin daji da ya rena suka bi shi har Amurka. Sai aka gwada da 'yan'uwan gauraka. Tun suna cikin ƙwai ake sa musu ƙarar jirgin. Masu kiwonsu kuwa sukan lulluɓe da fararen tufafi, ba su yin magana, don kada tsuntsayen su saba da mutum.

A 2001 jirgi ya ja su daga jihar Wiskonsin ta arewa mai sanyi zuwa Filorida ta kudu, tafiyar mil 1,200, cikin kwana 48. Da sanyi ya wuce, sai ga su sun komo da kansu, ba jagora.

Amma sararin sama ma yana da doka. Dokar Amurka ta hana a biya matuƙi lada don tuƙa irin wannan ƙaramin jirgi, ga shi kuwa matuƙan nan albashi suke ci. Saboda haka a ƙarshen 2011 tafiya ta tsaya a jihar Alabama, tsuntsaye 9 suna cikin shinge. Matuƙan ba su karya doka ba, suka nemi izini wurin hukumar jiragen sama. A Janairu 2012 aka ba su, amma tsuntsayen suka ƙi bin jirgi, sai a mota aka kai su wata fadama da aka keɓe.

A 2016 aka daina wannan aiki, domin an lura tsuntsun da mutum ya rena bai cika iya renon 'ya'yansa ba. Ashe jirgi ya iya nuna hanya, amma bai maye gurbin uwa.

Gauraka ta yi wuyar gani a Nijeriya yanzu. Don haka yaron kirki ba ya jifan shamuwa, ba ya kwashe ƙwanta. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Yaushe shamuwa take zuwa ƙasarmu?
2. Don me masu kiwo suke lulluɓe jikinsu?
3. Me ya tsayar da tafiya a Alabama?